Kafin Ki Shuka Kubewar Nan da Lawali

Zuwa ga autata Saratu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki, ina gaida angona Lawali, in dai bai riga ya sake ni ya yi sabuwar mata a can ba. Allah ya sa kun shiga garin Isa da ƙafar dama, ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin mutanen daji, ya haɗa ku da maƙwabta masu tsoronsa. Labarin gida ba shi ya zaunar da ni da biro ba, duk wanda ya zo cin kasuwa zai ba ki shi. Ga irin da kika roƙa na ƙulle miki a tsumma, kubewa da yakuwa da alayyafo da 'ya'yan kabewa kaɗan. Kada ki kwance ƙullin sai kin karanta takardar nan har ƙarshe, ke kaɗai, kuma a zaune.

Kin ce za ki yi ɗan lambu a bayan ɗaki ke da Lawali, ko ya sami abin da zai ɗauke masa hankali ya daina kukan nemana. Da kika faɗa na ce Allah ya sa albarka, kika ɗauka daɗi na ji. Gabana ne ya faɗi, Saratu, kuma har yau bai koma mazauninsa ba. Bara ruwa bai yi ba, bana ma kina ganin yadda hadari ke haɗuwa iska ta watsa shi. Ke baƙuwa ce a garin da kika je. Yaron ɗanki ne na fari, tun da aka yaye shi a ɗakina yake kwana, ba ku taɓa zama ku biyu ba ni a tsakani ba. Na taɓa ganin irin wannan zama a irin wannan shekara, ni ce uwar, babban yayanku ne yaron.

Ke da Sarkin Lambu kika san shi. Kin tashi kin ji ana tsokanarsa, wai shi ne manomin da ya ci kubewa a shekarar da gero ya ƙi, ana dariya shi ma yana yi. Dariyar kuka gada ku ƙanana, ba wanda ya zaunar da ku ya gaya muku yadda aka yi sunan ya samu. Yau za ni gaya miki, don ina tsoron kada ki bi sawuna ba ki sani ba.

Muna garin Turba a lokacin, gidan kakanninku na wajen uba. Fari ya zauna a ƙasar nan shekara bayan shekara, rumbuna suka koma ɗakunan ɓeraye, shanu na faɗuwa a bakin hanya, maza suka watse kudu cin rani, har da babanku. A al'ada ba a hannuna ya kamata yayanku ya tashi ba. To surukata ta rasu ina da cikinsa, tawa uwar kuma tana nan Kurawa da bakunan da ta kasa cikawa, sai aka bar min shi. Ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa a gaban mutane, in na zuba masa tuwo sai in ajiye in kau da kai. Matar baffanku Garba, Yaya Kulu, takan ce duk matan gidan ba mai kunyata. Ni kuwa yarinya, sai kai ya kumbura, na ƙara wa abin gishiri.

Miya ce ta gagara, shi ya sa na fara lambun. Kuka an tsige ta har reshe, tafasa ba ta fito a daji ba. Wata rana na lura bakin rariya, inda ruwan wanka ke fita, ƙasar na riƙe ɗan danshi. Na ɗauko fartanya, yaron ya biyo ni yana jan wandonsa, shekarunsa kamar na Lawali yanzu. Kuskurena na farko haɗama. Na sassare wuri mai faɗi kamar wadda ke da gulbi a tsakar gida, na zuba duk irin da nake da shi, kubewa da rama da yakuwa da tumatir. Ruwan da zai ishi rami kaɗan na raba wa fili guda, kowa ya ɗanɗana ba wanda ya ƙoshi. Waɗanda suka fi kusa da rariya kuma ruwan sabulu ya ƙone su. Abin da ya tsira, akuyar Yaya Kulu ta shigo ta yi buɗa-baki da shi, don ban yi darni ba.

Saboda haka ki fara da darni kafin iri. Ki sami kara, ki tsare ƙasansa da ƙaya saboda kaji, sannan ki yi ramukan da ba su wuce ki rufe su da zanenki ba. Ki cuɗa ƙasar da busasshen kashin awaki da ɗan toka. Ruwan alwala da ƙasari da ɗaurayar kwanuka ta ƙarshe su ne abincin lambun gida, ki riƙa tara su a kasko guda. Ruwan wanki ki zubar da shi nesa. Rabin irin kuma ki ɓoye, shukar farko ba kasafai take zama ba.

Na sake shukawa, wannan karon kubewa kaɗai, rami kaɗan. Sai ga wata rigimar. Kullum da safe yaron sai ya tsuguna ya sa yatsa ya tone, wai yana duba ko ta farka. In binne ya tone, in binne ya tone. Lawali ma zai yi miki haka, na san angona, bai gaji haƙuri ba ko ta wane gefe. Ki jiƙa irin ya kwana a ruwa don ya yi saurin tsira, ki kuma ware masa rami guda ki ce wannan na tonewa ne, ya tone shi har ya gaji. Ni ban san wannan dabara ba. Kuma ba na iya duban yaron in ce masa bari, don Yaya Kulu na jin mu ta bayan zana. Sai na duƙa kan ramin na ce, “Ke kubewa, ki hwaɗa ma maigidanki ya bar tone ki, in ba haka ba yaji za ki yi.”

Ya ƙyalƙyale da dariya, irin wadda ban taɓa ji a bakinsa ba, kuma daga ranar bai ƙara tonewa ba. Ni ma na ji daɗi, na ga na sami ƙofa. Duk abin da nake son gaya masa sai in gaya wa kubewa. Kubewa, ce wa maigidanki tuwo na hucewa. Kubewa, maigidanki ya yi kyau yau da aka yi masa aski. Shi ma sai ya tsuguna ya ba ta amsa ta kawo min. Matan gidan suna ji suna dariya, ba wadda ta ce na yi rashin kunya, ai da shuka nake magana. Wannan shi ne kuskurena na biyu, kuma ya fi na farko nisa, don a lokacin dabara na ɗauke shi. Ban tsaya na yi tunanin yadda abin yake a kan yaro ba. Shi a wurinsa uwarsa ba ta da baki sai a gindin kubewa.

Ke ma na san halinki, nawa ne kika ɗauko. Za ki ga lambun ya ba ki hanyar wasa da ɗanki ba tare da kin dube shi ba, za ki ji sanyi a ranki. Kada ki yarda. In za ki ce ya ci tuwo, ki dube shi ki ce ya ci tuwo. A Isa ba surukarki, ba ni, ba wanda zai ƙirga miki kallon da kika yi wa ɗanki. In ma akwai, ya ƙirga.

Kubewar ta tsira, ta yi ganye, sai bazara ta kama gadan-gadan. Rijiyar unguwarmu ta koma laka, guga na fitowa da ruwa kamar kunu. Mata suka koma gulbi, wanda shi ma ya daɗe da ƙafewa, ana tona ramuka masu zurfi a cikin rairayinsa, a shiga da ƙwarya a jira ruwa ya tsattsafo. Tulu guda nake samowa da sassafe, shi ne sha, shi ne girki. Wanka ya zama sai an ga dama, don haka rariya ta bushe, kaskon lambu ma ya bushe. Na ɗaga randa na ɗora a kan turmi don kada yaron ya yi ɓarna, in ya ce ƙishirwa sai in cika moɗa in ajiye masa a ƙasa in juya ga aikina. Ba na tsayawa in ga ya sha, kallon ɗan fari yana shan ruwa ma a ganina rashin ta-ido ne.

Ganyen ya fara lanƙwashewa da rana. Wani yammaci ina tsaye a kansa, gajiya da yunwa da kewar babanku suka taru min, na ce, “Kubewa, in kin mutu mu ma mun mutu.” Magana ce irin ta manya, wadda ake faɗa a manta. Yana tsugune a gefena. Ki kiyayi bakinki a gaban Lawali, Saratu. Yaro bai san zuguguwa ba, abin da ya ji shi ne gaskiya. Kada ki taɓa nuna masa ranku na rataye a jikin wani ganye. Ranar da ɗaya ta bushe, ki tuge ta a gabansa ki jefa wa akuya, ki ce gobe ma shuka wata, ki ci gaba da hirarki.

Bayan wannan sai kubewar ta farfaɗo. Na yi mamaki, har na ce wa Yaya Kulu ƙasar wurin albarka gare ta. Yaron kuma ya yawaita cewa ƙishirwa, ina cika moɗa ina mita, wai wane irin ciki ne da shi. Ya rage wasa, ya rage cin tuwo, leɓɓansa suka tsattsage, idanunsa suka faɗa. Na ce zafi ne, yaran gari duk haka suke. Yaya Kulu ce ta fara cewa, “Yaron ga ko hitsari ba shi yi, kin lura?” Na sunkuyar da kai na yi murmushi, irin na mai kunya da aka yi wa zancen ɗanta. Ban je na duba ba.

Da kaina na kama shi. Na ajiye masa moɗa, na shiga ɗaki, na tuna na bar ludayi a waje na dawo. Na same shi ya tsuguna, ya riƙe moɗar da hannu biyu, yana tsiyaya ruwan a gindin kubewa a hankali don kada ya fantsama. Da ya ƙare sai ya lashi bakin moɗar. Na tsaya kamar an kafe ni. Wannan ne karo na farko da na yi masa magana kai tsaye da tsawa, na ce don me. Ya dube ni, ba hawaye a idonsa don jikin ba ruwan yin su, ya ce, “Inna, in ta mutu, wa za ki aika ya kira ni?”

Da uwa mai hankali ce ni, a nan zan durƙusa in rungume shi. Tsoro ne ya kama ni, tsoron kuwa ya fito da fushi, ga shi na ji motsin Yaya Kulu a bayan zana. Na fizge moɗar, na ɗura masa ruwa da ƙarfi har ya ƙware, na ce, “Ruwan randa na sha na. Mai son ya shayar da kubewa tai ya tahi gulbi ya ɗebo.” Wannan shi ne kuskure na uku. Ban ce ya je ba, ke ma kin san ban ce ya je ba, amma shi abin da ya ji ke nan.

Washegari da rana ta take tsaka na farka daga ɗan gyangyaɗi, gidan shiru. Yaya Kulu da sauran matan sun tafi daji neman ganye. Na duba ɗaki, na duba bayan rumbu, na leƙa makewayi, babu shi. Sai na ga ɗan goran da yake wasa da shi ba ya rataye a jikin darni. Nan take na san inda ya nufa. Ramukan gulbi sun fi tsayin babban mutum, bakinsu rairayi ne, yana zubewa ko iska ta taɓa shi, kuma da tsakar rana ba kowa a wurin. Na fita ko mayafi ban gyara ba.

A ƙofar gida, ƙarƙashin itacen bedi, baffanku Garba na zaune da dattawan unguwa. Yayan mijina ne, ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba. Ya ce, “Lahiya, amarya? Mi kika biɗa cikin ranag ga?”

Saratu, sunan yana bakina. Ina jin sa a kan harshena. In ce ɗana ya ɓace, a gaban yayan mijina da sa'o'in ubana, in kama sunansa, bakin ya ƙi buɗuwa ta nan. Na durƙusa na ce, “Akuya ta nika biɗa, Malam.”

Ya ce, “Awaki duk sun yi gabas, suna gindin gawo suna tsintar 'ya'ya. Bi nan.”

Gulbi yana yamma. Suna kallona, ya kuma nuna min hanya da sandarsa, sai na bi gabas. Da ƙafata na bi gabas, na san ɗana na yamma. Na ce a raina in na sha kwana sai in zagaya ta bayan gari, zagayen kuwa ba kusa ba ne. Ina gudu ƙasa na ƙona min tafin ƙafa, ina kira, “Kai! Kai yaro!” Yara suna leƙowa daga zaure suna dubana, kowannensu yaro ne, ba wanda ya san da wa nake. Wata tsohuwa ta tambaye ni wane yaro, na wuce ta ban amsa ba. Da a ƙofar gida na faɗi gaskiya, da samari sun riga ni isa gulbi tun ban kai gindin gawo ba.

Ban kai gulbin ba na hango wata Bafulatana tafe, doguwa, ta saɓo yaro a kafaɗa, kansa na lilo. Daga baya na ji sunanta Dudu, ta kawo ragowar shanunsu ne ko za su sami abin jiƙa maƙoshi. Ta ji kamar kukan ɗan akuya a cikin rami, ta leƙa ta gan shi, bakin ramin ya zube ya binne shi har ƙirji, goran na hannunsa bai saki ba. Da igiyar shanu ta ɗaura a ƙugunta, ƙaninta ya riƙe, ta shiga ta tono shi da hannu. Ta shigo gari tana tambayar ɗan wane ne, aka ce ba a ji wanda ya yi cigiyar yaro ba, mace guda dai ta wuce tana neman akuya.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Ke ta mai biɗan akuya?” Na miƙa hannu. Ta sauke shi ta ɗora min a hannu, ta ce, “Mu Hillani mun hi ku kunyar ɗan hwari, ni ko ruggar da nau yake ba ni kwana. Amma ko nagge, in maraƙinta ya ɓace, kuka takai har daji ya ji.” Ta juya ta koma wajen shanunta, ko godiya ba ta tsaya karɓa ba.

Ya daɗe a kwance. Rairayi a bakinsa da hancinsa, jikinsa zafi kamar garwashi, fatarsa in an ja sai ta tsaya. Yaya Kulu ce ta riƙa ɗiga masa ruwa da ɗan gishiri da sukari a ludayi, kaɗan-kaɗan. Akwai ranar da ta dube ni ta kau da kai, na san abin da take tunani. Allah bai ƙare kwanansa ba, ya tashi. Baffanku bai taɓa yi min zancen akuyar ba har ya koma ga Allah, sai dai ya sa yaran gidan kowa ya riƙa kawo ragowar ruwan alwalarsa gindin kubewar, ya kuma laƙaba wa yaron Sarkin Lambu don a mai da abin wasa. Kubewar ta yi 'ya'ya, gidan duka aka sha miya ana sa masa albarka. Ni ban iya haɗiye ta ba. Sunan kuma na karɓe shi hannu biyu, don ya ba ni abin kiransa, ga shi har ya yi furfura da shi nake kiransa.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Da kika roƙi irin nan na so in ce miki ɓera ya cinye. Na fasa, don ƙarya ce, kuma lambu ba shi ya yi laifi ba. Yaro na son ya ga abin da ya binne ya fito, ke ma za ki huta da sayen ganye a garin da komai sai an saya. Ki yi lambunki. Amma ruwan shansa ki ba shi da hannunki, ki tsaya a kansa har ki ga maƙogwaronsa na motsi, ya miƙo miki moɗar ba komai a ciki. Ki riƙa duban leɓɓansa da safe, ki san ko ya yi fitsari. Ban-ruwa ku yi shi tare da yamma, daga kaskon nan guda, shi da ludayi ke da ƙwarya, in kasko ya ƙare an gama, ko da ganye na kuka. Kada ki ce masa lambun nasa ne, ki ce naku ne, in ya mutu ke ce ba ki iya ba. In akwai rijiya a gidan da kuka kama, maigidanki ya yi mata murfi mai nauyi tun kafin a sa iri a ƙasa. Ko da wasa, ko cikin fushi, kada ki ambaci inda ake samo ruwa a gabansa.

Sauran maganar ita ce ta fi hana ni sukuni. A zamaninmu rami da rana kaɗai nake tsoro. Ku naku zamanin kin san shi, kin ga yadda mutanen garin Gatawa suka shigo mana gudun hijira da tabarmi a ka, kin ji matan da ke cewa da aka fara harbi kowa ya yi ta kansa, yara suka bi ta cikin gero, uwaye na bi suna kira. A irin wannan ranar ba a tsayawa neman laƙabi. Wadda ta kira suna ɗanta ya waiwayo, wadda ta ce kai yaro, yaran duniya ne a gabanta. A nan Kurawa ko bai ji kira ba, kowa ya san jikan wane ne, wani zai saɓo shi. A Isa ba wanda ya san fuskarsa.

Ni na koya miki kunyar nan. Ni na riƙa harararki in kin ɗauke shi a gaban baƙi, ni na yi ta yabonki a wurin mata ina cewa autata ko inuwarsa ba ta takawa. Na ga abin da ta yi min, amma da aka zo kanki sai na sake bin abin da na tarar, don ina nan, ina ganin ni zan riƙa kiransa har ya girma. Ban san za ku tashi ba.

Ranar da kuka tashi, ana ɗora kaya a mota, Lawali ya bi wata kaza har bakin titi, ga babur tafe. Kina kusa da shi, ni ina daga zaure. Na ji kin ce, “Kai, zo nan.” Kin faɗa da ƙarfi, har kin maimaita. Ko waiwayowa bai yi ba, Saratu. Ba taurin kai ba ne, na san taurin kansa. Bai san da shi kike ba. Sai da na ce Lawali sannan ya tsaya cak, babur ya wuce ta gabansa. Kowa ya ce Allah ya kiyaye aka ci gaba da ɗaure kaya, ni kuwa tun ranar nake ganin wurin a idona, ina tambayar kaina wa zai kira shi a can.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Harshen da bai saba ba, ranar da ake bukatarsa ƙin motsi yake yi, ni shaida ce. Ki fara a cikin ɗaki in kin ji nauyi, ki faɗa a hankali ke kaɗai. Sannan ki faɗa a bayan ɗaki kuna tona ramin kubewa, ki ce Lawali miƙo iri, Lawali kawo ludayi, har kunnensa ya san sunansa a muryarki. Sannan ki faɗa a tsakar gida maƙwabta na ji, ki faɗa a gaban maigidanki, ki faɗa a gaban iyayen maigidan naki in sun zo. In an ce 'yar wace ce wannan marar kunya, ki ce tawa ce, ni na sa ki. Kada ki sa iri ko guda a ƙasa sai ranar da kika kira shi daga nesa, yana tsakiyar wasa, ya ɗago kai ya dube ki.

Allah ya raya mana shi, ya sa ya binne mu ba mu binne shi ba. Allah ya tsare ku a gida da daji, a rijiya da hanya, ya kawar da idon azzalumai daga ƙofarku. Allah ya buɗe sama ya jiƙa ƙasar nan, ya kwantar da wannan tashin hankali, ya maido ku gida ina da sauran gani. In mai zuwa Kurawa ya samu, ba na son tsaraba, ki aiko min da kalma guda, ki ce ya waiwayo.

Wassalam.

Innarki,
daga Kurawa.